Teku a Cikin Gilashi: Yadda Aka Koyi Wanke Tanki da Killace Baƙon Kifi

A shekarar 1846 wata mata mai suna Anna Thynne, uwargidan ɗaya daga cikin manyan malaman cocin Westminster Abbey, ta koma Landan daga garin Torquay da ke bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, ɗauke da tsarabar da ba a saba gani ba. Wasu 'yan ƙananan halittun murjani ne masu rai, waɗanda ta ɗinke da zare da allura a jikin soso don kada girgizar hanya ta farfasa su, ta saka cikin tulu cike da ruwan teku. Da ta isa gida ta juye su a kwanukan gilashi, tana sauya musu ruwa a kai a kai. Sai dai Landan ba a bakin teku take ba, ruwan gishiri kuwa sai an aiko da shi daga nesa. Da ya fara yi mata ƙaranci sai ta koma ga tsohon: kowace rana 'yar aikinta kan tsaya gaban buɗaɗɗiyar taga tana sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, kamar yadda mai shayi ke yi, na rabin sa'a ko fiye. Da wannan dabara, da kuma ciyawar teku da ta ƙara daga baya, halittun suka rayu kusan shekara uku a tsakiyar birni.

Littattafan tarihi sukan ambaci Thynne, ba su cika tsayawa kan hannun da ke sheƙa ruwan ba. Alhali kuwa a wannan hannun labarin yake. Duk wanda ya ɗebo wani yanki na teku ya kulle a gilashi, ya raba shi da ayyukan da teku ke yi wa mazaunansa a ɓoye. Igiyar ruwa tana cusa iska. Faɗin teku yana narkar da ƙazanta har ta zama kamar babu. Tazarar da ke tsakanin kifi da kifi tana hana mai cuta gama lafiyayye. A cikin gilashi dole wani ya ɗauki waɗannan ayyuka, kuma sai da aka shafe fiye da shekara ɗari, aka yi asarar kifaye marasa adadi, kafin a gane ko waɗanne ne ayyukan.

Mafarkin tankin da ke wanke kansa

A shekarar 1850 wani masanin sinadarai mai suna Robert Warington ya gabatar wa Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Landan sakamakon wani gwaji. Ya saka jajayen kifayen ado biyu cikin mazubin gilashi mai cin galan 12 na ruwan daɗi, tare da wani tsiron ruwa mai suna Vallisneria. Tsiron yana fitar da iskar oksijin da kifi ke shaƙa, kifin yana fitar da iskar da tsiron ke buƙata. Da tsoffin ganyaye suka fara ruɓewa ruwan ya yi duhu, sai ya zuba 'yan dodon koɗi, suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya koma garau. Daga nan aka sami ra'ayin da ya mamaye zukatan mutane: idan aka daidaita dabba da tsiro, tanki zai riƙe kansa, ba sauya ruwa, ba wanki.

Wanda ya kai wannan ra'ayi ga jama'a shi ne Philip Henry Gosse, masanin halittu mai daɗin alƙalami. Shi ya tara yawancin halittun da aka zuba a Gidan Kifi na gidan namun daji na Landan, wanda aka buɗe a watan Mayun 1853, gidan kallon kifi na farko da aka yi domin jama'a. A shekarar 1854 ya fitar da littafinsa The Aquarium, wanda ya kafa wannan kalma a harshen Ingilishi, ya kuma buga tsarin haɗa ruwan teku da gishirin kanti domin mazauna nesa da gaɓa. Zamani ya taimaka masa. An soke harajin gilashi a Birtaniya tun 1845, jirgin ƙasa kuma ya kusanto da bakin teku. Cikin 'yan shekaru tankin ruwan gishiri ya zama abin yayi a falon duk mai hali. Mutane suka yi dafifi zuwa gaɓa da guduma da bokiti, har ɗan Gosse, Edmund, ya koka a littafinsa na 1907 cewa masu tara halittu sun wawashe kududdufan duwatsun da mahaifinsa ya nuna wa duniya.

Yayin bai daɗe ba. Kafin shekarun 1860 su yi nisa tankunan falo da yawa sun koma shara. Ruwa kan yi kore har ba a ganin komai, ko wata halitta ta mutu a bayan dutse ba a sani ba, kwana biyu ɗaki ya gauraye da ɗoyi, sauran su bi ta. Ruwa ba ya tsami banza, amma a lokacin babu wanda ya san ainihin abin da ke tsamar da shi. Daidaiton Warington gaskiya ne ga kifi biyu a galan 12. Masu saye kuwa ba kifi biyu suke so ba.

Mutumin da ya fara raba gari da mafarkin shi ne William Alford Lloyd, wanda ya taɓa aiki a kantin littattafai kafin ya buɗe shagon sayar da tankuna da halittun teku a Landan. Da yayin ya wuce, shagon ya durƙushe, sai ya koma gina manyan gidajen kifi, ciki har da na Hamburg a Jamus a 1864 da na Crystal Palace a Landan a 1871. Tsarinsa bai dogara da tsiro ba. Ya gina manyan rumbunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, masu cin ninkin ba ninkin abin da tankunan kallo ke ci, ya sa injin tururi yana tura ruwa dare da rana daga rumbu zuwa tanki, daga tanki zuwa rumbu. Duhun yana kashe gansakukar da ke mayar da ruwa kore, motsin yana cusa iska, yawan ruwan yana narkar da ƙazanta. Ya guji bututun ƙarfe, domin gishiri na cin ƙarfe ya zuba gubarsa a ruwa, ya yi amfani da tauraren roba. Abin da ya ragu ta hanyar tururi kuma da ruwan daɗi ake cika shi, tunda gishiri ba ya tashi sama. Injin Lloyd ya karɓi aikin 'yar aikin Thynne, kuma halittu suka rayu shekaru cikin ruwa guda.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Lloyd ya yi nasara ba tare da sanin cikakken dalilinta ba. Dalilin ya fito ne daga masu binciken ƙasar noma da ruwan kwata. A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka nuna cewa halittu masu rai ne ke sauya amoniya zuwa naitiret, domin da suka busa wa ƙasar hayaƙin kulorofom sai aikin ya tsaya cak. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wani masani ya nuna cewa sauyin mataki biyu ne: amoniya zuwa naitirait, naitirait zuwa naitiret. Sunan masanin Robert Warington, ɗan wancan mai kifi biyu. Uban ya ɗauka tsiro da dodon koɗi ne ke tsabtace ruwansa, ɗan ya taimaka wajen gano sauran ma'aikatan. A 1890 da 1891 Sergei Winogradsky, Barashe mai bincike a Zurich, ya ware ƙwayoyin bakteriyar da ke kowane mataki.

Ga abin da wannan ke nufi ga tanki. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce gare shi, kuma a ruwan teku ta fi tsanani saboda yanayin ruwan yana ƙara yawan kasonta da ke cikin siffar da ke kisa. Bakteriyar da ke cinye ta ba a cikin ruwa suke yawo ba; a jikin dutse da yashi da soso da bangon rumbu suke manne. Sabon tanki ba shi da su, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Bangayen rumbunan Lloyd gonar waɗannan ƙwayoyi ce, shi bai sani ba.

Sai da ƙarni na 20 ya yi nisa kafin wannan ilmi ya zauna sosai a hannun masu kiwon kifin ado, amma da ya zauna ya sauya ma'anar tsabta. Tankin da aka wanke tas, aka goge kowane dutse, tanki ne da aka kashe wa ma'aikata. Shi ya sa ƙa'idojin wanki suka kasu gida biyu. Abin da ke ɗauke da bakteriya, kamar soson matata, ana ɗauraye shi ne a hankali cikin tsohon ruwan tankin, ba a kai shi famfo, domin kulorin ɗin ruwan famfo yana hallaka su. Abin da ba a son komai ya rayu a jikinsa, kamar koma da bokiti da bututun zuƙe ruwa, ana jiƙa shi cikin bilic da aka tsarma da ruwa, a ɗauraye shi sau da yawa, a shanya har ya bushe ƙayau kuma warin ya ɓace. Injin tura ruwa yana da tasa matsalar: wani farin ɓawo mai kama da alli yana taruwa a jikin farfelarsa har ya tsaya, kuma abu mai tsami ne ke narkar da shi, ruwan khal ko gishirin lemon tsami. Ba a haɗa bilic da khal, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai illa ga mutum. Sabulu kuwa ba ya kusantar tanki ko kaɗan, domin ragowarsa tana lalata gaɓoɓin numfashin kifi. A shekarun 1960 aka ƙara wata na'ura da ke busa ƙananan kumfa cikin ruwa, ƙazanta ta manne musu, su hau sama su taru a kofi kamar baƙin kunu, a zubar. Ita ma kwaikwayon teku ce, domin kumfar da igiya ke jefarwa a gaɓa aikin da take yi ke nan.

Cutar da ke shigowa da baƙo

Ana iya gyara ruwa ya yi kyau, duk da haka a wayi gari kifaye suna mutuwa. Gidan namun daji na Landan ya buɗe sabon babban gidan kifi a 1924, yana karɓar kifayen teku daga ƙasashe masu zafi, ba da jimawa ba kuwa annoba ta riƙa share tankuna. Wata mai bincike, Eleanor Brown, ta duba gaɓoɓin numfashin matattun kifayen da madubin likita, a 1931 ta bayyana ƙwayar cutar da yanzu ake kira Amyloodinium ocellatum, wadda ke lulluɓe kifi da wata ƙura mai kama da karammiski. A 1951 ta sanya wa wata ƙwayar suna, Cryptocaryon irritans, wadda wani masani ɗan Japan, Sikama, ya riga ya ba da labarinta a 1937. Ita ce ke yi wa kifi fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri.

Rayuwar wannan ƙwaya ta biyu ita ce ta haifar da tankin killacewa kamar yadda aka san shi yau. Takan shiga ƙarƙashin fatar kifi tana ci na kwana uku zuwa bakwai. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo, ta rarrafa a ƙasa, ta manne wa dutse ko yashi ko gilashi, ta rufe kanta da tauraren kwanso. A ciki take rarrabuwa, ɗaya ta koma har wajen ɗari biyu. Yawanci sukan fito cikin kwana 3 zuwa 28, amma an taɓa ganin kwanson da ya kai kwana 72 kafin ya fashe. 'Ya'yan da suka fito suna da kwana ɗaya ko biyu su sami kifi, in ba haka ba su mutu.

A teku mafi yawansu mutuwa suke yi, domin kifin da ya zubar da uwarsu ya riga ya yi nisa. Shi ya sa kifin daji kan ɗauki 'yan ƙwayoyi kaɗan ya rayu da su. A tanki kuwa babu nisa. Kowace 'ya tana samun kifi, kowane zagaye yana ninka na baya, har numfashi ya gagara. Akwai kuma wani tarko: a ranakun da ƙwayoyin suka faɗo ƙasa, kifin kan fito fes kamar ya warke, mai shi ya saki jiki, alhali cutar tana ƙyanƙyasa a cikin yashi. Kifin da aka saya yau yana walƙiya zai iya kasancewa a wannan tsakanin.

Magani bai sauƙaƙa lamarin ba. Wadda ke ƙarƙashin fata, fata ta kare ta. Wadda ke cikin kwanso, kwanso ya kare ta. Mai iyo kaɗai magani ke kamawa, don haka sai an riƙe shi cikin ruwa na makonni. Maganin da ya fi shahara na jan ƙarfe ne, tazarar da ke tsakanin awon da ke kashe cuta da wanda ke kashe kifi kuwa 'yar kaɗan ce, sai ana gwada ruwan kullum. Ga shi kuma yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi nan take, duwatsun murjani da yashi suna shanye shi su riƙa fitar da shi daga baya. Wanda ya zuba shi a babban tankinsa ya lalata tankin.

Daga waɗannan dalilai siffar tankin killacewa ta fito. Ƙarami ne, ba yashi, ba dutse, sai gutsattsarin bututun roba da kifi zai ɓuya a ciki, da na'urar ɗumama ruwa, da soson matata wanda aka ajiye makonni a babban tanki don ya tara bakteriya, wanda kuma ba zai sake komawa can ba. Yana da komarsa da bokitinsa, ba ya aro, ba ya ba da aro, domin ɗigon ruwa a jikin koma ya isa ya kai cuta. A shekarun 1980 Angelo Colorni, mai bincike a wata cibiyar kiwon kifin teku da ke Eilat a bakin Bahar Maliya, ya nuna cewa ana iya raba kifi da ƙwayar ba tare da magani ba: a riƙa mayar da shi wani wankakken busasshen tanki duk bayan kwana uku, sau huɗu, ta yadda zai bar kwansunan a baya kafin su fashe. Idan kuwa cutar ta riga ta shiga babban tanki, sai a kwashe kifaye duka a bar shi ba kifi na mako goma ko fiye, yunwa ta kashe ta.

Tsarin ba sabo ba ne ga ɗan Adam. A watan Yulin 1377 majalisar birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau a gaɓar tekun Adriatic, ta zartar cewa duk wanda ya fito daga ƙasar da ake annoba sai ya yi wata guda a keɓe a Cavtat ko tsibirin Mrkan kafin ya shiga gari. Venice ta buɗe asibitin killacewa na dindindin a wani tsibiri a 1423, daga baya wa'adin ya koma kwana arba'in, kuma daga kalmar Italiyanci mai nufin arba'in Turawa suka samo sunan killacewa. Hikimar ita ce a tsare baƙo har lokacin da cutar da ke ɓoye za ta bayyana. Manyan gidajen kifi na Amurka a yau sun ɗauki kwana 30 a matsayin mafi ƙarancin wa'adin baƙon kifi, daidai da na Ragusa.

Ƙofar fita

Duk wannan kulawa kan ƙofar shiga take. Darasin ƙofar fita ya zo a makare, kuma da tsada. A shekarun 1970 gidan namun daji na Wilhelma da ke Stuttgart a Jamus yana rainon wata kyakkyawar ciyawar teku, Caulerpa taxifolia, koriya shar mai ganye kamar gashin tsuntsu. Tana saurin girma, kifi ba ya cin ta saboda gubarta, tana kuma jure sanyi. Aka rarraba ta ga wasu gidajen kifi, ciki har da Gidan Tarihin Teku na Monako. A 1984 aka ga wani ɗan fili nata, kimanin murabba'in mita ɗaya, a ƙasan teku daidai gindin ginin gidan. Ba a cire ta ba, domin an ɗauka sanyin hunturun Bahar Rum zai gama da ita.

Lokacin da Alexandre Meinesz na Jami'ar Nice ya nutsa wurin a 1989, ta rufe kusan hekta guda. Ya yi ta kururuwa, shugabannin gidan suka musanta cewa daga wurinsu ta fito, wasu suka ce ta mashigin Suez ta biyo daga Bahar Maliya. Ana wannan gardama ciyawar tana tafiya, domin gutsuren da bai wuce farce ba ya isa ya kafa sabon fili, angar jiragen ruwa da ragar masunta kuma suna ɗaukarsa daga tasha zuwa tasha. A 1998 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ta teku da ta gidajen kifi iri ɗaya ce. Zuwa shekarar 2000 ta shafi kimanin hekta 13,000 a ƙasashe shida: Monako, Faransa, Italiya, Sifaniya, Kuroshiya da Tunisiya, tana gogayya da Posidonia, ciyawar asali da ƙananan kifaye ke girma a cikinta. Daga baya an ga ta ja baya a wurare da dama, amma ba hannun mutum ne ya kore ta ba.

A watan Yunin 2000 irin wannan ciyawa ta ɓulla a tafkin Agua Hedionda da ke Carlsbad a jihar Kalifoniya, sannan a Huntington Harbour. Hukumomin Amurka sun riga sun sa ta cikin jerin miyagun ciyayi tun 1999, kuma sun ga abin da jinkiri ya jawo wa Turai. Cikin kwana 17 aka fara aiki. Masu nutso suka rufe kowane fili da tamfol, suka danne gefensa, suka cusa kulorin a ƙarƙashi, wato maganin da mai tanki ke wanke komarsa da shi, aka kashe duk abin da ke ciki. Shekara shida ana bin ƙasan tafkin taku-taku, aka kashe kusan dala miliyan bakwai, a 2006 aka sanar da cewa an kawar da ita.

Kalifoniya ta haramta sayarwa da mallakar ciyawar a 2001, ta kuma ƙara wa masu tankuna wata ƙa'ida a kan waɗanda suka gada. Ciyawar da aka cire daga tanki a ƙulle ta a leda, a daskarar da ita a firiza na aƙalla sa'a 24, a jefa a shara. Ruwan wanki kuma a zuba shi a magudanar gida mai zuwa matatar ruwan kwata, kada a kwarara shi a kwatamin titi, domin kwatamin titi a garuruwan gaɓa teku yake nufa kai tsaye.